Ruwan Randar Mai Gari

A shekarun da nake ɗauko wa gidan rediyonmu labarin majalisar dokokin jiha, 'yan jarida duk zauren majalisa suke so. Can ake ɗaga murya, can ake samun maganar da za a buɗe labaran yamma da ita. Ɗakunan kwamiti suna can baya, kusa da wurin ajiye motoci, fanka ɗaya na juyawa ɗaya ta mutu, ana karanta takardu da Turanci har mutum ya fara gyangyaɗi. Ni aka fi turawa can. Edita ya ce ina da haƙurin zama, kuma ba na dawowa da labarin da ya fi abin da ya faru girma.

A waɗannan ɗakuna na san wani ɗan majalisa daga yankinmu na yamma, wanda aka ba shugabancin kwamitin da ke sa ido kan ayyukan gwamnati a karkara. Kowa Ciyaman yake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Kafin ya shiga siyasa malamin gona ne. Ya daɗe yana yawo a kan babur tsakanin ƙauyukan Anka da Bukkuyum da Gummi, yana nuna wa manoma yadda ake sa taki da feshi. Ba mai jawabi ba ne. In ya miƙe a zaure, magana biyu yake yi ya zauna. A ɗakin kwamiti kuwa ba a son haɗuwa da shi. Tambaya ɗaya zai yi wa jami'in gwamnati. In jami'in ya kewaya, sai ya bar shi ya gama kewayarsa tsaf, sannan ya maimaita tambayar da kalmomin da ya fara yin ta, bai ƙara ba bai rage ba.

Kowa a jihar ya san abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a shekarun baya. Gubar dalma da ke cikin dutsen zinariya, wanda ake dakawa a tsakar gidaje, ta kashe yara a Bagega da Tungar Guru da wasu wuraren. Bayan an kwashe gurɓatacciyar ƙasa, aka yi alkawarin rijiyoyin burtsatse ga ƙauyukan da ke shan ruwan tafki, domin a bakin tafkunan ake wanke garin dutsen. Wata hukuma aka ba aikin. Ta aiko wa majalisa cewa an gama, rijiyoyi suna ba da ruwa. Aikin kwamitin Ciyaman shi ne ya je ya gani da ido, ya dawo ya shaida.

Aikin bai faɗo masa a lokaci mai kyau ba. Zaɓen fid da gwani na jam'iyyarsa yana tafe a ƙarshen shekarar. Gwamnati ta jam'iyyarsa ce, kuma rijiyoyin suna cikin abubuwan da za a nuna wa jama'a in an fita neman ƙuri'a. An riga an gaya masa, ba a ɓoye ba, cewa tikitinsa na komawa majalisa ya dogara da irin rahoton da kwamitinsa zai kawo. Shi da kansa ya faɗa mini wannan a mota, ranar da muka tashi, da irin muryar da zai faɗi cewa bana taki ya yi tsada.

Da bazara muka je, lokacin da ƙananan rijiyoyi ke ƙafewa. Ban da ni da Ciyaman, akwai mataimakinsa a kwamiti, wani ɗan majalisa mai yawan barkwanci da ba ya kiransa da komai sai malamin gona. Akwai akawun kwamiti, wanda ke rubuta abin da aka gani da abin da aka faɗa. Sai daraktan hukumar da ta yi aikin, a tasa motar, shi ne mai nuna hanya.

Irin wannan ziyara tana da tsarinta, duk wanda ya taɓa bin tawagar gwamnati ya san shi. Ana aikawa tun kafin a zo. A share ƙofar gidan mai gari, a shimfiɗa tabarmi, a aro kujerun roba daga makarantar firamare. A sayo ruwan leda daga cikin gari a zuba a baho, in an samu ƙanƙara a ɗora a kai. Baƙi su zauna, a gaisa, babban baƙo ya tambaya yaya aikin da gwamnati ta yi, a amsa masa, a yi addu'a, a tashi.

Ƙauyen farko yana kusa da Adabka. Tanki na nan a bisa ƙarafa, an yi masa fenti, farantan sola na ƙyalli, famfuna a jere a ƙasa. Darakta ya murɗa ɗaya, ruwa ya zubo. Aka yi tafi. Ciyaman ya juya ga dattawan da ke zaune ya ce, "Yaya rijiyar taku?"

Suka ce, "Sai godiya, ranka shi daɗe."

Na ga akawu ya rubuta. Ina kusa da shi, na leƙa. Da Turanci ya rubuta cewa jama'a sun nuna gamsuwarsu da aikin.

Ciyaman ya bari sai da muka koma mota. Ya ce mini, "Malam, ka duba ƙasan famfunan nan?"

Na ce na ga siminti ne sabo.

Ya ce, "Ba simintin ba, gefensa. Wurin da mata ke ɗibar ruwa kullum da bazara ba ya bushewa. Za ka ga caɓi, ka ga sawun awaki, ka ga ƙudan zuma. Nan ko ƙasa ce busasshiya kamar masussuka. Ruwan da ya zubo yau na san shi, na tankin sama ne. Abin da ban sani ba shi ne ta ina ya shiga tankin, daga ƙasa ko daga bayan mota."

Mataimakinsa, wanda ke zaune gaba, ya juyo ya ce, "Malamin gona, mutane sun ce sai godiya, kai kana tambayar ƙudan zuma. Su za su zaɓe ka?"

Ciyaman ya ce, "Ka taɓa jin mutumin ƙauye ya ce wa baƙo wani abu ban da sai godiya?"

Wannan gaskiya ce da ban buƙaci a koya mini ba. A Gummi na tashi. Lokacin da mahaifina ke kwance ciwon ajali, maƙwabta na shigowa suna ce wa Inna yaya mai jiki, tana cewa da sauƙi, sai godiya, alhali ita ta fi kowa sanin inda aka nufa. Ba ƙarya take yi ba. Godiyar ga Allah take, ba bayanin halin mara lafiya ba ne. Mutum zai ce sai godiya a kan gonar da fari ya ƙone, ya ce sai godiya a kan hanyar da ta karya masa babur. In kuwa mai tambayar babban baƙo ne, ga mai gari zaune, ga jami'in da ya kawo aikin yana kallo, to kai ƙara ya zama rashin kunya iri biyu: ka kunyata baƙo, ka kunyata mai garinka. Shi kuma mai gari yana da nasa lissafin, domin rawaninsa ba ya rasa alaƙa da ƙaramar hukuma. Ciyaman ya san duk wannan tun yana malamin gona. Ya ce sau da yawa ya raba irin da bai tsiro ba, ya koma ya tambaya, aka ce masa sai godiya.

A Anka muka kwana. Da safe muka bi hanyar Bagega, muka wuce ta zuwa wani ƙaramin ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba. Hanyar ta fi dacewa da babur. Muna shiga muka wuce tafkin garin, ruwansa ya ja baya ya bar laka mai tsagewa, ga tarin jan gari a gefe inda aka wanke dutse. Rijiyar burtsatsen tana bayan masallaci, irin ta jiya ce sak, tanki da farantai da famfuna. Nan ma darakta ya murɗa, ruwa ya zubo.

Mai garin dattijo ne siriri, mai farin gemu, mai magana a hankali. Ya tarbe mu a zaurensa saboda rana. Aka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gajiya da iyali da zafi. Aka shigo da bahon ruwan leda aka ajiye a tsakiya. Kowa ya miƙa hannu ya ɗauka, har da ni, domin ƙishirwa ta kama mu. Ciyaman bai ɗauka ba. Bai kuma tambayi yaya rijiya ba.

Ya ce, "Allah shi ja zamanin mai gari, ni ruwan leda ba ya kashe mini ƙishirwa, warin roba nake ji. A taimake ni da na randa."

Akwai randa a kusurwar zauren, an rufe ta da faifai, da moɗa a kai. Duk wanda ya shigo ya gan ta.

Mai gari ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga ya hi sanyi. Don ku anka sawo shi."

"Na gode. Amma ni ɗan ƙauye ne, na randa na saba da shi."

"Bari a aika cikin gida a..."

"A'a, kada a wahalar da kowa. Ga randa nan."

Ciyaman ya miƙe da kansa, ya ɗaga faifan, ya ɗebo. Na riga na kunna rikoda tun lokacin gaisuwa, tana kan gwiwata. Daga inda nake ina hango ruwan cikin moɗar, ba shi da hasken ruwan burtsatse, ya yi kalar kunun da aka tsinka. Ciyaman ya koma ya zauna, ya yi bisimilla, ya ɗaga moɗar zuwa bakinsa. Ba gaggawa ya yi ba, amma ba wasa yake yi ba. Na tabbata da an ƙyale shi da ya sha.

Mai gari ya miƙa hannu ya riƙe masa wuyan hannu. Dattijo a ƙasarmu ba ya taɓa babban baƙo haka.

Ya ce, "Kak ka sha, ranka shi daɗe."

Ciyaman ya ce, "Lafiya?"

"Ruwan tabki na."

"Tafkin da muka wuto?"

"Shi na."

"To rijiyar fa?"

Mai gari ya dubi darakta, ya dubi ƙasa. Har yanzu bai saki hannun ba. Ya ce, "Tun da anka gina ta ba ta hidda ruwa da kanta ba. Sun ce injin da za a sa ciki bai iso ba. Shekaranjiya mota ta zaka ta cika tankin, anka ce kak a taɓa sai kun zo. Mu mun saba, muna tace shi da ƙyalle. Amma kai baƙona na. Ba ni bari ka sha a zaurena."

Ciyaman ya ajiye moɗar a ƙasa. Ya ce, "Na gode, Baba." Bai dubi darakta ba. Ya ɗauki ruwan leda ɗaya ya fasa ya sha, ya tambayi mai gari ko sun fara sharar gona, da irin dawar da suke shukawa. Suka yi ta maganar dawa har zauren ya saki. Mataimakinsa bai yi barkwanci ko ɗaya ba.

Abin da na fahimta a zauren nan shi ne Ciyaman bai sa dattijon ya karya al'ada ba. Al'adar da ta hana shi kai ƙara gaban baƙo, ita ce ta hana shi barin baƙo ya cutu a hannunsa. Ciyaman ya ajiye shi ne a inda dole ya zaɓi ɗaya, kuma ya san wadda zai zaɓa. Ban ce wannan hanya tana da daɗi ba. Na ga fuskar dattijon, kuma Ciyaman ma ya gan ta.

Da za mu tashi, mai gari ya rako mu har mota. Ya matso kusa da Ciyaman, ya nuna rikodata da haɓa, ya ce, "Wanga abin na malamin rediyo, ya ɗauki maganata?"

Ciyaman ya ce, "Ya ɗauka."

Mai gari ya ce, "To."

Muna barin ƙauyen Ciyaman ya ce mini, "Malam, muryar dattijon nan ba za ta fita a rediyo ba."

Na ce masa ita ce hujja mafi ƙarfi da yake da ita. In jama'a suka ji mai gari da bakinsa, babu wanda zai ce Ciyaman ne ya ƙirƙira. Na ce kuma ai darakta yana wurin, ya riga ya san wanda ya yi maganar.

Ya ce, "Darakta ya ji a zaure, kuma shi ma ba ya son a ji. In jiha duka ta ji a rediyo, to dole wani ya yi wani abu a kan dattijon nan, ko don kada wani mai garin ya kwaikwaya. Ni na nemi ruwan, ba shi ya kawo ƙara ba. Ni zan faɗa."

Mataimakinsa ya ce, "Kai kaɗai? Malamin gona, ka san abin da kake yi kuwa? Da muryar tsohon nan sai ka ce ba laifinka, mutane ne suka faɗa. In babu ita, kai ne ka tashi ka ce gwamnatinka ta yi ƙarya."

Ciyaman ya ce, "Na sani."

Ba umarni yake da shi a kaina ba, ni ma'aikacin rediyo ne. Na kai wa edita maganar yadda take, muka yanke cewa za mu jira rahoton kwamiti mu ba da labarinsa. Muryar ba ta fita ba.

Da damina ta sauka kwamiti ya zauna don tsara rahoton. Akawu ya karanta abin da ya rubuta, aka zo kan ƙauyen kusa da Adabka, inda jama'a suka nuna gamsuwarsu. Ciyaman ya ce a cire. Akawu mutum ne mai tsare aikinsa, ya ce shi abin da aka faɗa ya rubuta, an tambaye su sun ce sai godiya, kuma haka aka saba fassara ta a duk rahotannin majalisa tun kafin ya zo. Wasu 'yan kwamitin suka goya masa baya. Aka yi ta ja, ana kawo kalmomin Turanci ana ajiyewa.

Mataimakin Ciyaman ya shigo a makare ranar, yana dafe da ƙugu. Tun tafiyar Bagega bayansa ke ciwo, kowa ya sani domin kowa ya gaya wa. Yana zama Ciyaman ya ce masa, "Onarabul, yaya bayan?"

Ya ce, "Wallahi sai godiya."

Ciyaman ya juya ga akawu ya ce, "Rubuta. Mataimakin shugaban kwamiti ya nuna gamsuwarsa da ciwon baya."

Ɗakin ya fashe da dariya, har mai ciwon, yana dariya yana cewa, "Allah ya isa, malamin gona, da ni za ka yi misali?" Akawu ma ya yi murmushi, ya ja layi a kan jimlar. A madadinta aka rubuta cewa kwamiti ya ga ruwa ya zubo daga famfo, amma bai tabbatar da cewa rijiyar ce ke ba da shi ba. A kan ƙauye na biyu aka rubuta cewa shugaban kwamiti ya nemi ruwan sha, aka hana shi sha domin na tafki ne, kuma an shaida wa kwamiti cewa ba a sa wa rijiyar inji ba. Ba a ambaci wanda ya shaida ba.

Kafin a miƙa rahoton aka gayyaci darakta ya zo ya yi bayani. Ya zo da jami'ansa da manyan fayiloli. Ya yi bayanin yadda aka ba da kwangila, da zurfin da aka haƙa, da wahalar hanya, da jinkirin masu kawo kaya. Bayani ne mai tsari, kuma na yi imani yawancinsa gaskiya ne. Ciyaman ya bari ya gama.

Ya ce, "Darakta, yau, a ƙauyen da muka je tare, ruwan me ake sha?"

Darakta ya ce aikin ya kai matakin ƙarshe, abin da ya rage kaɗan ne.

"Yau, a ƙauyen da muka je tare, ruwan me ake sha?"

Darakta ya ce hukumarsa ba ta da alhakin abin da mutane suka zaɓa su sha.

Ciyaman ya jira. Fanka na juyawa. Ya sake yin tambayar.

Darakta ya rufe fayil ɗin da ke gabansa ya ce, "Na tafki, Yallaɓai."

Da wannan muka buɗe labaran yamma ranar. Karo na farko ke nan da na ga labarin ɗakin kwamiti ya riga na zaure.

Ranar da aka karanta rahoton a zauren majalisa, wasu 'yan jam'iyyar Ciyaman suka nemi ya faɗi wanda ya ba shi labarin injin. Ya ce shi ya je, shi ya gani, shi ya sa hannu. Wani ya ce to magana ce ta mutum ɗaya, mai neman suna kafin zaɓe. Majalisa ta karɓi rahoton, ta umarci hukumar ta kammala aikin, ta kuma ce kwamiti ya koma ba tare da sanarwa ba. Sun koma kafin kaka, ban bi su ba. Akawu ya gaya mini sun tarar da injin a ƙauyen mai garin, mata a layi da jarkoki, wurin ya yi caɓi har sai da suka tattare riguna. Na kusa da Adabka ya ɗauki lokaci fiye da haka. Akwai kuma ƙauyukan da kwamiti bai kai gare su ba sam, ban san yadda suka ƙare ba.

Daga lokacin aka daina kiran Ciyaman tarukan jam'iyya na cikin gida. Ba wanda ya yi masa faɗa a fili. In ya shiga wuri ana gaishe shi da kyau, ana ce masa mai gaskiya, da irin muryar da ake ce wa mutum sannu da jiki. Da zaɓen fid da gwani ya zo, wakilai suka ba wani tikitin. Na kasance a wurin don ɗaukar labari. Ya tashi ya miƙa wa wanda ya yi nasara hannu, ya fita ya nemi direbansa.

Na je masa jaje a gidansa bayan kwana biyu. Zauren ba cika ya yi ba. Mataimakinsa na nan, shi ya samu nasa tikitin, yana zaune yana ta faɗa kamar shi aka kayar.

Yana cewa, "Na gaya maka! Da ka bar malamin rediyo ya saki muryar nan, da yanzu kana da abin kare kanka. Ko ka jira bayan zaɓe. Rijiyar guduwa za ta yi?"

Ciyaman ya ce, "Rijiyar ba ta gudu. Yaran da ke shan tafkin fa, su jira bayan zaɓe?"

"To yanzu ga shi. Wa zai riƙa addabar daraktoci?"

"Kai."

"Ni? Ni da baya na ciwo?"

Suka yi dariya. Na tambaye shi ko yana ganin rahoton ne kaɗai ya kayar da shi. Ya ce bai sani ba, siyasa ba ta da dalili ɗaya, wataƙila ko babu rahoton da an canza shi, domin bai iya rabon abin da wakilai ke so ba. Ya ce amma an gaya masa sharaɗin tun farko, bai cika ba, don haka ba zai ce an yaudare shi ba. Ya ci gaba da zuwa ɗakin kwamiti har ranar da wa'adin majalisar ya ƙare.

In aka tambaye ni abin da ya bari a majalisar, ba zan iya nuna gini ko doka mai sunansa ba. Komawa ba tare da sanarwa ba ta zama abin da wasu kwamitoci ke yi, wasu ba sa yi, ya danganta da shugaban. Akawu bai sake fassara sai godiya da gamsuwa ba, kuma ya koya wa waɗanda suka zo bayansa. Sai wata magana da ta zauna a bakin ma'aikatan majalisa. In kwamiti ya dawo daga ziyara, ko ta asibiti ce ko ta makaranta ko ta hanya, za ka ji ana tambaya, "Ruwan leda kuka sha ko na randa?" Na ji sababbin 'yan majalisa suna faɗinta, waɗanda ba su taɓa ganinsa ba, ba su kuma san daga inda ta fito ba.

Shi kuwa gona ya koma. Daga baya aka mayar da ni shirin manoma na ranar kasuwa, wanda masu sauraro ke bugo waya. Wata rana farkon damina ina da baƙo a ɗakin watsa shiri, wani matashin jami'in gona, yana bayanin tazarar da ake bari tsakanin ramukan dawa. Aka haɗa mini mai kira. Tun daga sallama na gane muryar. Ya ce tazarar da baƙon ya faɗa ta ƙasar fadama ce, a jigawa irin tasu sai an ƙara, in ba haka ba dawa za ta yi kara ba zangarniya. Baƙon ya yarda, ya ce haka ne. Na ce mai kira ya gabatar da kansa ga masu sauraro, kamar yadda muke yi wa kowa.

Ya ce, "Ka ce wani manomi ne daga yamma. Kuma a gaya wa mutane kada su yi gaggawar shuka, ruwan nan na farko bai jiƙa ƙasa ba."